SAMAMEN MASU TUƘI CIKIN MAYE A GABAS: SHIN KWALLIYA NA BIYAN KUƊIN SABULU?

Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu ko albasa ko tumatir daga Arewa ya nufi ƙasar Ibo ya san mahaɗar nan da ake kira 9th Mile, watau Mil Tara, wadda ke bakin shiga Inugu. A nan ne hanyar da ta taso daga Makurɗi da Obollo-Afor take rabuwa, wani ya miƙe Anaca, wani ya gangara Inugu ya wuce Aba har Fatakwal. A nan ne kuma manyan motoci kan yi layi da almuru, direbobi su sauko su miƙe ƙafa, su yi salla, su sha shayi. Ba nisa da wurin akwai ƙatuwar masana'antar giya ta Ama, wadda kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe a 2003. A gefen titi kuwa ga masu faranti nan da 'yan kwalabe, ana sayar da barasa a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba.

Da zarar watan Satumba ya kama, har zuwa ƙarshen Disamba, sai ka ga shingaye sun ƙaru a wannan hanya. Lokaci ne da mutanen Gabas ke tururuwa gida domin bikin Kirsimeti, gadar Kwara ta Anaca ta cushe, hukumomi su shiga shela a rediyo cewa za a kama duk wanda aka samu yana tuƙi cikin maye. Jefi-jefi kuma 'yan sanda su kai samame mashaya ko tashar mota, a kwaso samari da yara a zuba a bayan mota. Idan Janairu ya yi nisa sai abin ya lafa, sai kuma wata shekara. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, shin wannan aiki yana ceton rayuka kuwa, ko kuwa dai wahalar da jama'a ne kawai?

INA RUWAN BAHAUSHE?

Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai iya cewa, ina ruwan Bahaushe da wannan magana, alhali addininsa ya riga ya haramta masa giya? Amsar ita ce, da ruwansa ƙwarai, domin 'yan'uwanmu dubbai suna zaune a waɗannan garuruwa tun kaka da kakanni. A Inugu akwai unguwar da ake kira Ama Hausa, ga kasuwar Gariki ta Awkunanaw, ga kuma kasuwar shanu ta Ugwuoba a kan hanyar Anaca. Kada a manta, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A Anaca mutanenmu suna wajen Titin Bida inda babban masallaci yake, da bakin gada, da kasuwar Ose inda ake sauke kayan abinci. A Fatakwal suna Diobu, da kasuwar Oil Mill, da Eleme da Onne inda tankoki da tireloli ke jiran lodi, da kuma Oyigbo a bakin shiga gari. A tsakanin Inugu da Fatakwal kuma ga babbar kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya.

Yawancin waɗannan mutane abincinsu a kan titi yake. Wani direba ne, wani yaron mota, wani ɗan dako, wani mai tura baro, wani mai shayi a bakin hanya. Tun da aka hana acaba a Fatakwal a zamanin Gwamna Rotimi Amaechi, aka hana a birnin Inugu a 2012, aka kuma hana a Anaca da Awka a 2018, samarinmu da yawa suka koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Idan wani ya bugu ya hau sitiyari, ba ya tambayar addinin wanda zai banke. Idan kuma aka kafa shinge, motar da ta ɗauko shanu daga Arewa ita ce ta fi daɗewa a tsaye. Saboda haka Bahaushen Gabas yana cikin waɗanda za su fi cin moriyar samamen in an yi shi da gaskiya, yana kuma cikin waɗanda za su fi shan wuyarsa in an yi shi da son zuciya.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a fahimta tun da wuri. A Arewa an daɗe ana ɗaukar ita kanta giyar a matsayin abin hani. Tun zamanin Turawa, dokar barasa ta 1917 ta sa yawancin ƙasar Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa. Daga baya kuma, bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya, har ya zama Hukumar Hisba ta Kano takan tara kwalabe dubbai ta farfasa a bainar jama'a. A Gabas kuwa ba haka abin yake ba. Giya halal ce a dokar jihohin, bammi kuma yana cikin al'adar aure da ta karɓar baƙo. Abin da doka ta hana a can abu biyu ne, watau mutum ya sha ya yi tuƙi, da kuma a sayar wa yaro. A kan waɗannan biyu ne za a auna aikin hukuma.

ABIN DA GIYA KE YI WA DIREBA

Masana sun daɗe da tabbatar da cewa barasa tana rage wa mutum saurin lura da saurin taka burki, tana kuma sa shi jin ya fi kowa iya tuƙi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan in direba ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya tak kafin ya taka burki, ya riga ya wuce tsawon tirela guda. A yi tunanin wannan a Upper Iweka ta Anaca, inda mutane da kekuna da motoci ke cakuɗe kamar tururuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada barasar da ke jinin direba ta wuce giram 0.05 a cikin kowane mililita 100, ga matasa da sababbin direbobi kuwa kada ta wuce 0.02. Hanta ce ke tace barasa daga jini, a hankali kuma take yi, kamar ƙaramin kofi ɗaya a awa. Cin goro, ko shan shayi mai kauri, ko watsa ruwan sanyi a fuska, babu wanda ke gaggauta wannan aiki. Mutumin da ya sha da yawa da tsakar dare zai iya tashi da asuba jininsa bai washe ba, ko da kuwa shi yana jin ya wartsake.

A Nijeriya, kula da wannan doka yana hannun 'yan sanda da kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a watan Fabrairu na 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Shekara da shekaru tarar da aka rubuta a takardar laifuffukan hukumar ga wanda aka kama yana tuƙi cikin maye ita ce naira 5,000. Ko a lokacin da naira ke da daraja wannan ba wani abin tsoro ba ne, balle bayan da kuɗin ya zama bai isa sayen lita goma na man fetur ba.

DARASI DAGA ƘASASHEN WAJE

Wasu ƙasashe sun riga mu gwada wannan aiki, sun kuma ajiye lissafi, saboda haka ba sai mun yi ta cece-kuce a kan zato ba. Wani ɗan sandan Amurka mai suna Robert Borkenstein ne ya ƙirƙiro na'urar auna barasa ta hanyar numfashi a 1954. A 1967 Ingila ta kafa dokar da ta ba 'yan sanda ikon sa direba ya busa wannan na'ura a bakin hanya. A shekarar farko yawan waɗanda suka mutu a haɗarin mota ya ragu da fiye da mutum 1,000. Amma bayan 'yan shekaru sai amfanin dokar ya fara dusashewa, domin direbobi sun gane cewa da wuya a tsayar da mutum, sai suka koma gidan jiya.

Jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya ta ɗauki darasi daga wannan. A watan Disamba na 1982 ta fara tsayar da direbobi ba tare da zaɓe ba, a kowane lokaci, a kowace hanya, har ana yin gwaji kusan miliyan ɗaya a shekara, ana kuma yayata abin a rediyo da talabijin. Ya zamana kowane direba ko an taɓa gwada shi, ko ya san wanda aka gwada. Mace-macen suka ragu, raguwar kuma ta ɗore shekara da shekaru. A Amurka ma, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta tattara binciken da aka yi a wurare da dama a farkon shekarun 2000, ta samu cewa irin waɗannan shingaye suna rage haɗarin da giya ke jawowa da kimanin kashi 20 cikin 100.

Abin da waɗannan misalai suka nuna a fili yake. Abin da ke hana mutum ya sha ya yi tuƙi shi ne ya tabbata a ransa cewa za a iya tsayar da shi yau, za a auna shi da na'ura, kuma in an same shi da laifi babu roƙo babu sulhu. Tsananin hukunci bai kai wannan tabbacin tasiri ba. Samamen da ake yi kamar wutar kara, ya tashi a Disamba ya mutu a Janairu, amfaninsa ba ya wuce kwanakin da aka yi ana yin sa.

YADDA ABIN YAKE A HANYOYINMU

To, a nan gida fa? Daga Kano zuwa Fatakwal tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma babu direban da zai ce maka shingaye sun yi ƙaranci a wannan hanya, musamman daga Obollo-Afor zuwa Oyigbo. Akwai na 'yan sanda, da na soja, da na FRSC, da na masu karɓar harajin jiha da na ƙaramar hukuma, da na waɗanda ma ba a san ko su wane ne ba. Sai dai a cikin waɗannan duka, ƙalilan ne ƙwarai inda za ka ga na'urar busawa. Abin da aka fi tambaya shi ne takardu, daga nan kuma sai na goro.

Wannan ba zargin baka ba ne kawai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka, wanda aka fitar a 2017 aka kuma maimaita a 2019, ya nuna cewa a cikin ma'aikatan gwamnati 'yan sanda ne jama'a suka fi ba cin hanci. A 2012 Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye daga manyan hanyoyi saboda wannan dalili, waɗanda suka gaje shi ma sun sha maimaita umarnin, amma kullum shingayen sai su dawo. Har ila yau, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairu na 2021, tatsar da ake yi wa direbobi a hanya tana cikin manyan koke-kokenta.

A irin wannan hali, in aka ce an ƙaddamar da samame a kan masu tuƙi cikin maye ba tare da na'ura ba, me zai faru? Jami'i zai dogara da hancinsa da idonsa. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, idonsa ya yi ja, ga shi ba ya jin Turanci sosai, ga shanu a mota sun fara galabaita, shi ne za a ce ya sha wani abu. Ba zai tsaya jayayya ba, domin in saniya ɗaya ta faɗi asarar ta fi abin da ake nema a hannunsa nesa ba kusa ba. Zai biya ya wuce. Shi kuwa mai ƙatuwar mota da ya fito daga mashaya da tsakar dare, sai ya sauke gilashi ya miƙa abin da ya miƙa, a sara masa. An wahalar da marar laifi, mai laifi ya wuce, kuɗin da aka karɓa kuma ya hau kan farashin nama da tumatir a kasuwa.

Alƙaluman hukuma su kansu suna nuna wannan rauni. FRSC ta ba da rahoton mutuwar mutum 5,081 a haɗarin mota a 2023, da 5,421 a 2024. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu a hanyoyin Nijeriya a 2016 sun kusa 40,000, alhali abin da aka rubuta a hukumance a wannan shekarar bai wuce 5,000 da 'yan kai ba. A lissafin FRSC gudun wuce kima ne ke kan gaba a dalilan haɗari, maye kuwa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kada wannan ya ruɗe mu. In ba a auna jinin direba bayan haɗari ba, ba yadda za a rubuta cewa maye ne, sai a rubuta gudu, ko a ce mota ta ƙwace. Amma me ya sa shi gudun tun farko?

YARA DA GIYAR LEDA

Ɓangare na biyu na maganar shi ne na yara. Ana rubuta 18 a jikin kwalabe, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Amma wace mai faranti ce a tashar mota ta taɓa tambayar shekarun mai saye? Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne barasa mai ƙarfi da ake ɗurawa a 'yar leda ko ƙaramar roba. Tana da araha, tana shiga aljihu, yaro zai iya tsotse ta a bayan rumfa ba wanda ya lura. Yaran mota da 'yan tura baro da masu wankin takalmi, waɗanda suka baro iyayensu a Arewa suka zo cirani suna da shekara 14 ko 15, suna kwana a kasuwa ba mai tsawata musu, su ne suka fi saurin faɗawa.

A watan Disamba na 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NAFDAC suka yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina yin barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba nan da ƙarshen Janairu na 2024. Da wa'adin ya cika, NAFDAC a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta fara rufe wurare a watan Fabrairu na 2024. Sai masu masana'antu da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ca, suna cewa dubban mutane za su rasa aiki, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Shekara bakwai ke nan ana ja-in-ja a kan 'yar leda, yaran da suke firamare lokacin da aka sa hannu a takardar har sun zama samari.

A nan ma ƙasashen waje suna da abin koyo. Amurka ta sa jihohinta su ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21 da dokar 1984, mutuwar matasa a hanya kuma ta ragu. Hanyar da suka ga ta fi aiki ita ce a tura matashi ya gwada saye, in mai kanti ya sayar masa a ci shi tara ko a ƙwace lasisinsa. Sun kuma lura cewa in aka daina zagayen, bayan 'yan watanni masu kantin sukan koma halinsu. Mu kuwa a nan, yaron ake kamawa. A kwashe shi a kai ofis, ya kwana da manyan masu laifi, da safe Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan kasuwa ya bi sawu da kuɗin beli, ko da yake a bangon ofishin an rubuta cewa beli kyauta ne. Wadda ta sayar masa tana nan a inda take, dilan da ya kawo mata ma haka. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Haramta abu da rana tsaka ba tare da shiri ba shi ma yana da nasa haɗarin. A watan Yuni na 2015 kimanin mutum 70 suka mutu a Jihar Ribas, a wurare irin su Woji da Bonny, bayan sun sha ogogoro mai guba, watanni biyu bayan irin wannan ya faru a Ode-Irele ta Jihar Ondo. Gwamnati ta haramta ogogoro nan take, amma ba a daɗe ba aka ci gaba da dafa ta ana sha. Idan aka kawar da giyar leda ba a sa ido a kan masu dafa ta gida ba, talaka zai koma wa wadda ba a san abin da aka zuba a cikinta ba.

LAIFI TUDU NE

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya a kan giya kaɗai, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gaskiya ne yawancin direbobinmu ba sa kusantar kwalba. Amma nawa ne daga cikinsu ke haɗiyar tiramol don kada barci ya ɗauke su tsakanin Lafiya da Lokpanta? Nawa ne daga cikin samarin keke ke shan maganin tari mai kodin, ko wiwi, suna cewa ai ba giya ba ce? Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC da ya nuna irin ɓarnar da yake yi, har da Kano. Babbar kasuwar magunguna ta bakin gada a Anaca kuwa, NAFDAC ta rufe ta a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufe ta na wani lokaci a watan Fabrairu na 2025, saboda jabun magunguna da haramtattun ƙwayoyi.

Na'urar busawa ba ta ganin tiramol. Ba ta kuma ganin gajiya, alhali masana sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, tuƙinsa kamar na wanda barasar jininsa ta kai 0.05 ne. Direban da mai kaya ya matsa wa lallai ya isa kasuwa kafin gari ya waye, shi ma mai maye ne, ko da bai taɓa ɗanɗana giya ba tun da aka haife shi. Wannan kuwa ba ɗan sanda ne zai gyara shi ba. Iyayen gida masu motoci ne, da dillalai, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW da NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG.

INA MAFITA?

In aka tattara duk wannan, amsar tambayarmu ita ce, samame yana da amfani, amma da sharaɗi. Na farko, kada a kama kowa da sunan maye sai da na'ura, a nuna masa abin da ta rubuta, a ba shi takarda, ya biya tara a banki. Wannan zai kare direban kirki daga sharri, ya kuma toshe ƙofar sulhu a bakin hanya. Na biyu, a yi aikin duk shekara, a riƙa sauya wuri da lokaci, a fi ba da ƙarfi da dare da ƙarshen mako a kusa da mashaya da tashoshi. Shinge ɗaya mai na'ura a Mil Tara ko Upper Iweka ko mahaɗar Eleme ya fi ashirin masu miƙa hannu. Na uku, a tsayar da kowa, mai tirela da mai ƙatuwar mota, baƙo da ɗan gari. Na huɗu, a auna duk direban da ya yi haɗari, a kuma buga alƙaluman kowane wata, domin jama'a su gani ko ana ci gaba.

Game da yara, a bi mai sayarwa da dila da masana'anta, a fitar da barasa daga cikin tashoshin mota kamar yadda FRSC ta daɗe tana kira. Yaron da aka samu kuwa a miƙa shi ga iyayensa ko shugabannin unguwarsu, in ya yi nisa a kai shi asibiti, domin ɗakin tsare masu laifi makaranta ce ta koyon abin da ya fi giya muni.

Mu ma akwai namu aikin. Sarakunan Hausawa na Inugu da Anaca da Fatakwal, da limamai, da shugabannin kasuwanni, sun fi kowane jami'i sanin wanda ke sayar da ƙwaya a zango, da yaron da ya fara lalacewa. Ya kamata kowane zango ya san yaran da suka sauka a cikinsa da wanda ya ɗauki nauyinsu. Ya kamata ƙungiyoyi su hana lodi ga direban da aka san yana sha, su kuma tilasta direba biyu a doguwar tafiya, da hutu bayan kowace awa huɗu. Al'ummar da ta tsabtace gidanta ita ce ke da bakin zuwa gaban Kwamishinan 'Yan Sanda ta ce a daina tatsar 'ya'yanta. Iyaye a gida Arewa kuma su daina sakin yaro ɗan shekara 14 ya hau bayan tirela ba su san hannun wanda zai faɗa ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kowace shekara akwai gidaje a Katsina da Sakkwato da Haɗeja da ake aiko musu da labarin cewa ɗansu ya rasu a hanyar Aba ko ta Anaca, an yi masa sutura a can. Haka nan akwai gidaje a Nsukka da Nnewi da ke samun irin wannan saƙo. Waɗannan mutane ba su damu da yawan shingaye ko yawan shelar da aka yi a rediyo ba. Abin da suke bukata shi ne wanda ya fita neman abinci ya dawo gida lafiya, da wannan kuma ya kamata a riƙa auna kowane samame. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu gama lafiya, amin.